Haƙƙin Iyaye a Gaban Shari'a Idan Hukuma Ta Ɗauke Musu Yaro a Ƙasar Amurka



Abin da wannan lacca za ta tattauna a kansa wata matsala ce ta shari'a wadda Bahaushen da ya tashi a gida da wuya ya taɓa kawo ta a ransa, watau a wayi gari ma'aikaciyar gwamnati ta yi sallama a ƙofar gidan mutum, wani lokaci da ɗan sanda a bayanta, ta fita da ɗansa ko 'yarsa, alhali yana tsaye yana kallo. A ƙasar Hausa riƙon yaro sha'anin dangi ne. Goggo ta ɗauka, kaka ta yaye, kawu ya tafi da shi garinsu, kuma ko da rigima ta kai gaban alƙali, to tsakanin uwa da uba da danginsu ta ke. A Amurka kuwa gwamnati da kanta ita ce ta uku a cikin maganar, kuma ta fi kowa ƙarfi. Tun da ya ke yanzu akwai Hausawan Nijeriya da na Nijar da na Gana masu yawa da ke zaune da iyalinsu a wurare kamar unguwar Bronx ta birnin Niyok, batun ya daina zama labarin nesa.

Asalin al'amarin

A ƙarshen shekarar 1873 wata mata mai aikin mishan a Niyok, Etta Wheeler, ta sami labarin wata yarinya 'yar kimanin shekara goma, Mary Ellen, wadda matar da ke riƙonta ta ke kullewa tana azabtarwa. Ta yi ta yawo ofis-ofis ba ta sami mai tsaya mata ba, sai da ta je wurin Henry Bergh, shugaban ƙungiyar hana zaluntar dabbobi. Shi ne ya sa lauyansa ya kai maganar kotu, aka ƙwace yarinyar, aka ɗaure matar shekara ɗaya. Daga nan aka kafa ƙungiyar hana zaluntar yara ta Niyok, wadda ta sami rajista a 1875. Ana yawan faɗin wai da dokar dabbobi aka ceci yarinyar, amma wannan ƙari ne na masu ba da labari. Abin lura dai shi ne, shari'ar da ta buɗe wannan babi ba a kan iyayen da suka haifa aka yi ta ba, a kan mai riƙo ce.

Kusan shekara 90 aikin yana hannun ƙungiyoyin sa kai da ƙananan hukumomi. A 1962 wani likitan yara, Henry Kempe, da abokan aikinsa suka buga wata maƙala a kan yaran da a ke kawowa asibiti da karaya da raunukan da ba faɗuwa ce ta jawo su ba. Maƙalar ta girgiza ƙasar, har ya zamana kafin ƙarshen 1967 kowace jiha ta yi dokar da ta wajabta wa likitoci su kai rahoto idan sun ga irin wannan. Daga baya aka faɗaɗa wajibcin ya haɗa da malaman makaranta da nas-nas da 'yan sanda da sauransu. A 1974 Majalisar Tarayya ta yi dokar da ta tanadi kuɗi ga jihohi domin su kafa hukumomin karɓar rahoto da bincike. Waɗannan su ne a ke kira hukumomin kare yara.

Ya kamata mai sauraro ya san girman abin. Wani bincike da aka buga a 2017 ya ƙiyasta cewa kashi 37 cikin ɗari na yaran Amurka za a binciki gidansu kafin su cika shekara 18, a cikin baƙaƙen fata kuwa kashi 53. A wajajen 2021 yaran da ke hannun riƙon gwamnati sun kusa 400,000. Daɗin daɗawa, wajen kashi uku cikin huɗu na yaran da hukuma ta ce an cutar, ba duka ko fyaɗe a ke zargi ba, sakaci ne: rashin abinci, rashin muhalli mai kyau, barin yaro shi kaɗai a gida. Kowa kuwa ya san tsakanin sakaci da talauci tazarar ba ta da yawa. Uwar da ba ta da kuɗin mai reno, ta bar ɗan shekara takwas da ƙanensa ta tafi aikin dare, ita a ganinta neman abin sa wa a baki ta fita, a takardar hukuma kuwa sakaci ta yi. A kan wannan ne Farfesa Dorothy Roberts ta gina sukar da ta daɗe tana yi wa tsarin gaba ɗaya.

Abin da tsarin mulki ya ba iyaye

Tsarin mulkin Amurka bai ambaci iyaye ko 'ya'ya ba ko sau ɗaya. Kotun Ƙoli ce ta ciro haƙƙin daga gyara na 14, wanda ya hana jiha ta raba mutum da ransa ko 'yancinsa ko dukiyarsa ba tare da bin ƙa'idar shari'a ba. A 1923, cikin shari'ar Meyer, da kuma 1925, cikin shari'ar Pierce, kotun ta ce tarbiyyar yaro da zaɓen irin karatunsa suna cikin wannan 'yanci. Amma a 1944, cikin shari'ar Prince, ta ja layi, ta ce ikon iyaye yana da iyaka idan lafiyar yaro ta shiga haɗari. Tsakanin waɗannan hukunce-hukunce a ke ta ja-in-ja har yau.

Shari'ar da ta fi shafar batun kai tsaye ita ce ta Stanley da Jihar Ilinoyi, ta 1972. Mutumin ya zauna da wata mace, a rabu a dawo, har shekara 18 ba aure, suka haifi 'ya'ya uku. Da ta rasu sai jiha ta kwashe yaran, domin dokarta ta ɗauka duk uban da bai yi aure ba bai cancanci riƙo ba, ba sai an saurare shi ba. Kotun Ƙoli ta rushe wannan. Ta ce ba a raba uba da 'ya'yansa bisa zato, tilas a zauna a duba halinsa shi kansa. Daga nan ƙa'ida ta kafu: sanarwa, da sauraro a gaban alƙali, da damar kare kai.

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda adalci ya sa a faɗe shi. A 1984, a Jihar Wiskonsin, wani uba ya yi wa ɗansa ɗan shekara huɗu dukan da ya lalata masa ƙwaƙwalwa har abada, alhali hukuma ta sha samun rahoto a kansa, ma'aikaciyarta ma tana zuwa gidan tana rubuta abin da ta gani. A 1989, cikin shari'ar DeShaney, Kotun Ƙoli ta ce tsarin mulki bai ɗora wa jiha alhakin abin da uba ya aikata ba. Hukuma ta tsira a kotu, amma ba ta tsira a bakin jama'a ba. Ma'aikacin da ya bar yaro a gida aka kashe shi, sunansa zai fito a jarida. Wanda ya ɗauke yaro ba gaira ba dalili kuwa, da wuya a ji labarinsa. Wannan tsoro shi ke tura ma'aikata ga saurin ɗaukewa, kuma uban da ya fahimci haka ya fi sanin irin wanda ke tsaye a ƙofarsa.

Ranar da aka yi sallama

Haƙƙin farko yana bakin ƙofa. Gyara na huɗu ya hana jami'in gwamnati shiga gida ba da izinin mai gida ko umarnin kotu ba, sai fa idan akwai haɗari na gaggawa. A 1999, cikin shari'ar Calabretta, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya mai kula da Kalifoniya da maƙwabtanta ta tabbatar cewa wannan ya hau kan ma'aikatan jin daɗin jama'a kamar yadda ya hau kan 'yan sanda. A can ma'aikaciya ce da ɗan sanda suka kutsa wani gida kwanaki da dama bayan rahoto, har ta sa uwa ta tuɓe wa 'yarta ƙarama wando a duba ko akwai tabon duka. Saboda haka uba yana da ikon ya tambayi sunan ma'aikaci da katinsa, ya tambayi abin da a ke zarginsa da shi, ya ce sai ya yi magana da lauya. Sai dai hikima ita ce a yi haka cikin ladabi, domin ma'aikacin da aka rufe wa ƙofa yana iya komawa ya samo umarnin alƙali, kuma duk kalmar da aka faɗa cikin fushi za ta shiga rahoto. Abin takaici, a galibin jihohi ba a wajabta wa ma'aikacin ya gaya wa iyaye waɗannan haƙƙoƙi ba. Jihar Tekzas ta wajabta hakan a 2023.

Wani tarko kuma shi ne takardar da a ke kira shirin tsare lafiyar yaro. Ma'aikaci ya kan ce wa uwa, ko ki sa hannu yaron ya koma wurin wance na ɗan lokaci, ko a kai ki kotu. Sau da yawa uwa ta kan zaɓi sa hannu don gudun kotu, kuma wani lokaci hakan shi ne daidai. Amma ta sani, da zarar ta sa hannu an ɗauka da yardarta aka yi, don haka babu alƙalin da zai duba, babu lauyan da za a ba ta, babu ranar da aka yanke ta dawowa. Kada a sa hannu a kan takardar da ba a fahimta ba, kuma wanda Turancinsa bai nuna ba ya nemi tafinta tun daga farko, kada ya bari ɗansa ko maƙwabci ya fassara masa.

Idan hukuma ta ɗauke yaro cikin gaggawa ba umarnin kotu, tilas ta gurfana gaban alƙali cikin ɗan lokaci. Wa'adin ya bambanta. A Fulorida awa 24 ne. A Kalifoniya hukuma tana da awa 48, ban da ranakun hutun kotu, ta shigar da ƙara, sa'an nan a zauna a ranar aiki ta gaba. A Tekzas a kan yi cikakken zama cikin kwana 14. A Niyok kuwa iyaye suna da ikon su nemi a dawo musu da yaro, kotu kuma ta saurare su cikin ranakun aiki uku.

Wannan zama na farko ya fi kowane muhimmanci, ko da ya ke sau da yawa 'yan mintoci ne. Dokar tarayya ta 1980 ta shar'anta cewa kafin jiha ta ci kuɗin tarayya na riƙon yaro, sai alƙali ya gamsu an yi ƙoƙari gwargwadon hali don kada a raba shi da gida. A nan ne lauyan iyaye zai tambaya: wane ƙoƙari aka yi? An nema wa iyalin muhalli? An ce wanda a ke zargi ya bar gidan maimakon a fitar da yaro? Babbar kotun Jihar Niyok ta ƙarfafa wannan a 2004 cikin shari'ar Nicholson. A lokacin hukumar birnin ta kan ƙwace 'ya'yan matan da mazajensu ke duka, wai sun bar yara suna ganin tashin hankali. Kotun ta ce wannan kaɗai bai isa a kira shi sakaci ba, kuma tilas alƙali ya auna cutarwar da rabuwar kanta za ta yi wa yaro da cutarwar da a ke gudu. Wannan awo ba maganar tausayi ba ce kurum. A 2007 wani masanin tattalin arziki, Joseph Doyle, ya bi sawun dubban yaran Ilinoyi waɗanda shari'arsu ke kan gaɓa, watau wani ma'aikaci zai ɗauke, wani zai bari, ya tarar waɗanda aka bari a gida sun fi dacewa a rayuwa daga baya.

Batun lauya

Tun 1963 Kotun Ƙoli ta ce talakan da a ke tuhuma da babban laifi tilas a ba shi lauya kyauta. Mai hankali zai zaci wanda za a raba da ɗansa har abada ya fi cancanta. Kotun ba ta ga haka ba. A 1981, cikin shari'ar Lassiter, wata mata da ke kurkuku a Karolaina ta Arewa bisa laifin kisan kai ta tsaya ita kaɗai a gaban kotun da ta yanke haƙƙinta a kan ɗanta, ta yi ta ƙoƙarin yi wa shaidu tambayoyi ba ta san yadda a ke yi ba. Alƙalai biyar cikin tara suka ce tsarin mulki bai wajabta lauya a kowace irin wannan shari'a ba, a bar wa alƙalin ƙasa ya duba. Wannan hukunci yana cikin raunana a wannan fanni, domin ya bar wa mutumin da bai san shari'a ba nauyin gamsar da alƙali cewa shari'ar ta fi ƙarfinsa.

Sa'ar da aka yi ita ce galibin jihohi sun wuce Kotun Ƙoli, sun ba iyaye matalauta lauya da dokokinsu. Niyok ta yi haka tun 1972. Daga 2007 kuma birnin Niyok ya fara ba wasu ofisoshi kwangilar kare iyaye, inda lauya ke aiki tare da ma'aikacin jin daɗin jama'a na ɓangaren iyaye da kuma wani uba ko uwa da suka taɓa shiga irin wannan hali. Binciken da aka buga a 2019 ya nuna yaran waɗannan iyaye sun rage kusan wata huɗu a hannun riƙo, ba tare da an sami ƙarin cutarwa ba bayan sun koma. A farkon shekarar nan ta 2019 ne kuma gwamnatin tarayya ta yarda jihohi su riƙa cin kuɗinta wajen biyan lauyoyin iyaye. Saboda haka kalmar farko da ya kamata ta fito daga bakin uba a gaban alƙali ita ce neman lauya. Idan kuma akwai tuhumar laifi a wata kotun a kan magana ɗaya, to hattara ta ƙaru, domin abin da ya faɗa a kotun iyali ana iya ɗauka a kafa masa hujja da shi a can.

A nan ya dace a tsaya kan bulala. Babu jihar Amurka da ta haramta wa iyaye horon 'ya'yansu da hannu ɗungurungum, amma an shar'anta ya zama daidai wa daida. Dorina ko wayar lantarki ko bel da suka bar shati a jiki, malamin makaranta yana gani wajibi ne ya buga waya, in bai buga ba shi ne a cikin laifi. Uba ya ce wa alƙali haka aka yi masa a gida ya kuma zama mutum, wannan ba kariya ba ce, hasali ma amsa laifi ne.

Agogon da ke tafiya

Bayan zaman farko sai zaman tabbatar da zargi, inda nauyin kawo hujja ke kan hukuma. Iyaye suna da ikon ganin takardun da a ke dogara da su, su kawo shaidunsu, su yi wa na hukuma tambayoyi. In zargi ya tabbata, sai a tsara musu abubuwan da za su cika: darasin tarbiyya, maganin shaye-shaye, gwajin ƙwaƙwalwa, neman gida. Suna da ikon a yi shirin da su, su kuma ƙi abin da bai shafi matsalarsu ba ta bakin lauyansu. Ziyarar yaro ma haƙƙi ce sai in kotu ta hana, kuma babu abin da alƙalai ke dubawa kamar ta. Uwar da ta yi fashin ziyara uku saboda aiki ko rashin mota, a rubuce za a ga ba ta damu ba ne, sai fa in ta ajiye shaidar dalilinta. Don haka lauyoyi ke cewa a sami littafi a riƙa rubuta kowace waya da kowace ziyara da kowace takardar kammala darasi, da kwanan wata.

Dalilin wannan tsanani shi ne dokar tarayya ta 1997, wadda Shugaba Kilinton ya sa wa hannu. Kafin ta yara kan shekara da shekaru suna yawo daga gidan riƙo zuwa wani. Dokar ta ce a cikin wata 12 tilas kotu ta zauna ta yanke inda yaron zai dawwama. Ta kuma ce idan yaro ya yi wata 15 cikin wata 22 na baya a hannun riƙo, jiha ta shigar da ƙarar yanke haƙƙin iyayensa. Niyyar mai kyau ce, domin shekara biyu a rayuwar jariri ba kamar shekara biyu ba ce a ta babba. Amma wata 15 ba ya isar mai fama da shaye-shaye ya warke, ba ya isar wanda aka ɗaure shekara biyu, ko wanda hukumar shige da fice ta tsare, balle wanda ke layin jiran gidan gwamnati. Dokar ta bar ƙofofi uku: idan yaron yana hannun dangi, ko akwai ƙwaƙƙwaran dalilin da ya nuna yankewar ba alheri ba ce gare shi, ko jiha ba ta ba iyalin taimakon da ta yi alkawari ba. A gefe guda kuma ta yafe wa jiha ƙoƙarin mayar da yaro idan laifin ya yi muni, kamar azabtarwa, ko kashe wani ɗa, ko an taɓa yanke haƙƙin iyayen a kan wani yaron. Duk da haka, kusan rabin yaran da ke fita daga riƙo kowace shekara gidan iyayensu su ke komawa.

Yanke haƙƙi shi ne hukunci mafi tsanani da kotun iyali ke da shi, har wasu alƙalai na kwatanta shi da hukuncin kisa. Bayansa uwa ta zama bare a idon doka, ba ziyara, ba tambaya. A 1982, cikin shari'ar Santosky, wasu ma'aurata daga gundumar Ulster ta Jihar Niyok, waɗanda aka raba da 'ya'ya uku, suka ƙalubalanci dokar da ta yarda a yi wannan da ɗan rinjayen hujja kawai, irin wanda a ke yanke rigimar bashi da shi. Kotun Ƙoli, da ƙuri'a biyar da huɗu, ta ce tilas hujja ta zama bayyananniya mai gamsarwa. Mai shari'a Blackmun ya yi bayanin cewa haƙƙin iyaye ba ya gushewa don kawai ba su zama abin koyi ba, kuma kafin a tabbatar da gazawarsu, yaron da iyayensa buƙatarsu ɗaya ce, watau kada a raba su bisa kuskure. A 1996 kuma, cikin wata shari'a daga Misisipi, wata uwa ta so ɗaukaka ƙara aka ce sai ta biya dala 2,352 na kwafin bayanan kotu, ba ta da su. Kotun Ƙoli ta ce ba a rufe wa talaka ƙofar ɗaukaka ƙara a irin wannan magana saboda kuɗi. Sai dai wa'adin ɗaukakawa gajere ne, sau da yawa kwana 30 ko ƙasa da haka, wanda ya wuce shi kuwa ya rasa.

'Yan asalin ƙasar, watau Indiyawan Amurka, suna da tasu dokar ta 1978, wadda aka yi bayan bincike ya nuna an raba kashi 25 zuwa 35 cikin ɗari na 'ya'yansu da gidajensu. A ƙarƙashinta ba a yanke haƙƙi sai da hujjar da ba ta bar shakka ba, kamar a shari'ar laifi, kuma dangi da ƙabila su ne kan gaba wajen riƙo. Kotun Ƙoli ta tabbatar da ita a 2023.

Ko yaro ya dawo, akwai sauran rina a kaba. Jihohi suna da kundin sunayen waɗanda hukuma ta ce zargi ya tabbata a kansu, kuma ma'aikaci ne ke sa suna, ba alƙali ba. Wanda sunansa ya shiga zai iya rasa aikin reno ko na kula da tsofaffi ko na makaranta, ayyukan da baƙi da yawa ke ci da su. Ana iya ƙalubalantar wannan, amma cikin wa'adin da ke rubuce a wasiƙar sanarwa, wasiƙar da mutane da dama ke jefarwa ba su karanta ba.

Dangi, da baƙon da ke nesa da gida

Dokar tarayya ta 2008 ta wajabta wa hukuma, cikin kwana 30 da ɗauke yaro, ta nemi kakanninsa da sauran manyan danginsa ta sanar da su, ta kuma yi ƙoƙarin kada a raba 'yan'uwa. Amma hukuma ba ta san dangin mutum ba sai ya faɗa. A nan kunya ta kan yi wa mutanen Afirka ta Yamma illa: uwa ta ɓoye wa 'yan'uwanta abin da ya faru don gudun surutu, har watanni su wuce yaron yana gidan baƙi. Abin da ya fi shi ne a miƙa sunaye da lambobin waya tun ranar farko, har da aminan da ba na jini ba, domin jihohi da yawa suna karɓar su a matsayin dangi. Idan ɗan'uwan yana wata jiha, sai an bi wata yarjejeniya ta tsakanin jihohi wadda ke cin watanni, don haka gara a fara da wuri.

Wanda ba ɗan ƙasa ba yana da ƙarin hanya. Yarjejeniyar Biyana ta 1963 kan hulɗar ƙananan jakadu, a sashe na 37, ta ce idan za a naɗa wa yaro ɗan wata ƙasa mai riƙo, a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa. Jakada ba shi da ikon soke hukuncin kotu, amma yana iya taimakawa wajen nemo dangi a gida da tabbatar da takardu. Game da addini kuma, dokar Jihar Niyok ta ce a ba da yaro riƙo ga masu addininsa idan hakan zai yiwu. Kalmar "idan zai yiwu" ita ce matsalar, domin gidajen Musulmi masu lasin riƙo kaɗan ne. Iyaye dai suna da ikon su sa a rubuta addinin yaro da abincinsa da harshensa a cikin shirin kotu.

Idan ta tabbata yaro ba zai koma ba, akwai zaɓi biyu, kuma bambancinsu babba ne. Na farko a yanke haƙƙi a mayar da shi ɗan wasu, a sake masa takardar haihuwa da sunan sababbin iyaye, abin da shari'ar Musulunci ba ta yarda da shi ba saboda kiyaye nasaba. Na biyu kotu ta naɗa ɗan'uwa ya zama waliyyin riƙo. A nan yaro yana nan da sunan ubansa, iyaye suna nan a matsayinsu, suna iya ziyara, har su koma kotu neman a dawo da shi idan hali ya gyaru. Wannan ya yi kusa da riƙon da Hausawa suka sani. Dokar 2008 ta ba jihohi damar tallafa wa irin wannan waliyyi da kuɗin tarayya, Niyok kuma ta fara nata shirin a 2011. Sai dai lokaci yana aiki a nan ma. A Niyok, mai riƙon da yaro ya cika wata 12 a hannunsa shi doka ta fifita idan aka zo mayar da yaron ɗan wasu, saboda haka goggon da ta bayyana a wata na 14 za ta tarar wani ya riga ta.